Shu'aibu Mai Kilishi da Kashin Ƙuda

Duk wanda ya daɗe a Pantami ya san rumfar Shu'aibu mai kilishi, wadda ke bayan filin wasa, a gindin wata tsohuwar darbejiya. Dogon mutum ne siriri, shekarunsa arba'in da 'yan kai, ba shi da yawan magana. In yana yankan nama ma ko sallama aka yi masa sai ya kai ƙarshen tsokar kafin ya amsa. A nan unguwar aka haife shi, a nan ya yi firamare, ya taɓa sakandare shekara biyu, sannan mahaifinsa ya ce hannunsa ya fi kyau da wuƙa.

Mahaifin nasa, Malam Khalifa, daga ƙasar Katsina ya zo Gombe yana saurayi, shi ne kuma ya kafa rumfar. A wurinsa Shu'aibu ya koyi yadda ake buɗe tsokar cinya a hankali har ta zama shimfiɗa, siririya ta yadda in ka ɗaga ta sai ka hango hasken rana ta cikinta. Ya koyi shanya, ya koyi haɗa labu, wato ƙullin tunkuza da citta da kanumfari da masoro da albasa wanda ake tsoma naman a ciki, ya koyi gashi a kan garwashin da ya lafa. Malam Khalifa yana da wata doka guda da bai taɓa faɗin dalilinta ba: da zarar damina ta zauna sosai, sai a ajiye kilishi a koma tsire da balangu, har sai sama ta washe. Ba wanda ya tambaye shi me ya sa. Haka ya rasu, shekara tara ke nan.

Ba Shu'aibu kaɗai ya tashi a rumfar ba. Akwai Nuruddeen, ɗan ƙanwar Malam Khalifa, wanda aka kawo gidan yana ɗan shekara goma sha huɗu. Shu'aibu ya girme shi da shekara takwas, shi ne ma ya koya masa riƙon wuƙa, shi ya ɗaure masa yatsa ranar da ya fara yankewa. Bayan rasuwar tsohon, Nuruddeen ya nemi izini cikin ladabi ya koma Gabukka ya buɗe nasa wurin. Shu'aibu ya sa masa albarka, har da ba shi ɗaya daga cikin wuƙaƙen gidan. A ransa ya ɗauka yaron zai sha wuya shekara ɗaya ko biyu ya dawo.

Bai dawo ba. Maimakon haka sai sunansa ya fara zuwa Pantami shi kaɗai. Mai saye zai tsaya a gaban rumfar Shu'aibu, yana tauna ɗanɗanon da aka ba shi, ya ce ai ya ji labarin akwai wani ɗan'uwanku a Gabukka. Shu'aibu ya ce eh, ƙaninsa ne, shi ya koya masa. Yana faɗin haka da murmushi, amma duk ranar da aka yi masa wannan magana abincin dare ba ya shigar masa. Matarsa A'i ta lura da yadda yake zama a tsakar gida bayan la'asar yana duba hotunan da Nuruddeen ke ɗorawa a waya, yana buɗe su da yatsa biyu don ya ga kaurin yankan. Wani lokaci ya miƙo mata ya ce ta duba, wannan ai ya yi kauri, Baba ba zai yarda da shi ba. Ita kuwa ta duba ta ce ita ba ta ga komai ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne damina. Yayin da shi yake tsaye cikin hayaƙin tsire, masu neman kilishi suna zuwa yana ba su haƙuri, Nuruddeen bai tsayawa ko mako ɗaya. Waɗanda ya ba haƙuri a watan Agusta, wasunsu ba ya sake ganinsu a watan Disamba. Don haka bana da ruwa ya zauna, Shu'aibu ya ƙi ajiye wuƙar kilishi. A'i ta tuna masa dokar Baba sau ɗaya. Ya ce in yaron da ya koya wa aiki zai iya, shi me zai hana shi.

Mako uku da haka Hajiya Nana Hauwa ta aiko a kira shi. Dattijuwa ce a unguwar Madaki, tsohuwar shugabar makaranta, daga gidajen da suka daɗe a Gombe. Tun zamanin Malam Khalifa ba ta sayen kilishi a ko'ina sai a rumfarsu, duk tsarabar 'ya'yanta da surukanta daga nan take fita. Mata da yawa a garin inda ta saya nan suke saye.

Ya same ta a falo. Ta amsa gaisuwarsa rabi da Hausa rabi da Fulatanci kamar yadda ta saba, ta tambayi A'i da yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin kujera ta tura masa. Takardarsa ce, ɗaurinsa ne, na shekaranjiya. Ya kwance. A cikin ninkin kilishin, inda ya ɗan yi taushi, fararen tsutsotsi ne ƙanana suna motsi.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce saura kaɗan ta ba direba ya kai wa surukinta a Bauchi, Allah ne ya sa ta yi sha'awar ɗan ɓalla.

"Don Malam Khalifa na kira ka, Shu'aibu, ban faɗa wa kowa ba," in ji ta. "'Yata Iklima za ta koma gidan mijinta a Abuja nan da mako biyu, ta gama wankan jego. Da kilishi za ta tafi wa dangin mijin. Ka yi min. Zan ajiye shi kwana biyu a ɗakina kafin in ba ta. In na sake ganin wannan, ka yafe ni, Gabukka zan koma."

Da ta ce Gabukka ne ya ji kamar an taka masa yatsa. Ya naɗe ƙunshin, ya ba da haƙuri, ya fito.

A sanin Shu'aibu, da sanin kusan duk wanda ya taɓa aiki da su, nama shi ke haifar tsutsa. Tana cikinsa, in ya fara lalacewa sai ta fito. Saboda haka laifin na naman ne, kuma wanda ke ba shi nama shi ne Hudu mahauci, sa'ansa, abokin tsokanarsa tun suna yara. Washegari da hantsi ya same shi a kwata, ya ja shi gefe, ya tambaye shi ko yanzu zaɓaɓɓen nama Gabukka yake tafiya, ragowar kuma Pantami. Hudu ya yi dariya har ya ajiye gatari. Ya ce sa ɗaya yake yankawa, cinya biyu gare shi kamar kowane sa, ta dama Shu'aibu, ta hagu Nuruddeen, shekara nawa haka.

"To yau ba ni ta hagun," in ji Shu'aibu.

"Ɗauki, malam. In ka ga dama ka haɗa da wutsiyar, ko a nan sirrin yake."

Ya ɗauki ta hagun. Ya yanka ta da kulawar da bai taɓa yi ba, ya shanya. Hadari ya taso da azahar, aka kwashe, rana ta dawo da la'asar, aka mayar. Washegari ya tsoma a labu, ya sake shanyawa, ya gasa, ya baza a faranti don ya sha iska. Ƙudaje suna sauka suna tashi kamar kullum, musamman korayen nan manya masu sheƙi. A gefen wani yanki ya ga ɗan farin abu a dunƙule, kamar garin rogo ya zuba. Ya san shi sarai. Kashin ƙuda ne, haka kowa ke kiransa a rumfar tun yana yaro. Ya sa farce ya kankare, ya naɗe kilishin ya ajiye don gwaji. Kwana biyu ya buɗe, ga su nan.

To in ba naman ba ne, mene ne? Nan zuciyarsa ta tafi inda ta daɗe tana son zuwa. Ya tuna da ƙaramar salla Nuruddeen ya zo gaisuwa, ya tsaya a rumfa ya ɗaga wani yanki ya ce har yanzu babu mai hannun Yaya a garin nan. Shu'aibu ya yi ta juya maganar a ransa, yana neman ko yaron ya haɗa da tubarkalla. Bai tuna ya ji ba. Da ya faɗa wa A'i cewa yana zargin baki ne ya kama masa sana'a, sai ta ajiye tsintsiyar hannunta ta dube shi. Ta ce ya ji tsoron Allah, yaron da ko zama ba ya yi a kujera in Shu'aibu na tsaye. Ta ce matar Nuruddeen ta haihu kwana goma ke nan, ita ta je suna, shi bai je barka ba. Ya je ya yi barka, in yana da idanu kuma ya yi kallo.

Ya tafi ranar Laraba da safe, a keke napep, da sabulu da atamfa da A'i ta ɗaure masa. Nuruddeen ya taso da gudu ya tare shi, ya karɓi ledar da hannu biyu, ya sa aka kawo jaririyar, ya sa aka kawo fura. Shu'aibu ya yi addu'a, amma idonsa na bayan gida, inda ya hango gadajen shanya. Guda shida ne, nasa huɗu. Kuma kowanne an kifa masa wani abu kamar akwati mara nauyi, katako ne siriri aka zagaye da ragar sauro irin ta taga. Har farantin da ake baza gasasshen kilishi yana da nasa murfin.

Suka zagaya. Shu'aibu ya ƙwanƙwasa katakon da yatsa, ya ce wannan ai tare rana yake yi. Ya ce kuma duk wannan wahala don ƙuda, abin da iyakarsa ya yi kashi a goge.

Nuruddeen ya nemi hanyar da zai gyara wa babba magana. Sannan ya sunkuya ya nuna masa saman ragar, daidai inda wani yanki ya kusa taɓa ta daga ciki. Farin abin nan ne a dunƙule.

"Yaya, ba kashi ba ne. Ƙwai ne."

Nuruddeen ya ci gaba, yana magana yana kallon ƙasa. Ya ce shi ma bai sani ba sai da ya zo Gabukka. Maƙwabcinsa mai kiwon tarwaɗa ne, yana tara tsutsa da gangan don ciyar da kifi, shi ya nuna masa. Macen ƙuda tana bin ƙanshi ta nemi wuri mai danshi, ta zuba ƙwai sama da ɗari a zama ɗaya, tana cusa su cikin ninki da tsaga inda ido ba ya kaiwa. Wanda ake gani a kankare kaɗan ne. Kafin kwana ɗaya ya cika sun ƙyanƙyashe, su ne tsutsar. Ta ci kwana huɗu ko biyar, ta yi ƙiba, ta sauka ta nemi busasshiyar ƙasa ta shige, fatarta ta taurare ta koma ruwan ƙasa. Bayan kamar mako guda sai sabon ƙuda ya fasa ya fito. Da rani, in ji shi, kilishi yana bushewa ƙarau cikin sa'o'i kaɗan, ƙwan ma bushewa yake yi ya mutu, shi ya sa ba a ganin komai. Da damina ne naman ke riƙe danshi.

"Ina jin abin da Baba ya gani ke nan ya sa yake tsayawa," in ji shi.

Wannan ce ta fi yi wa Shu'aibu zafi. Mahaifinsa ne, shi ya yi shekara ashirin da biyar a gefensa, amma wai ɗan ƙanwa ne zai fassara masa shi. Ya gyara hularsa, ya ce yaran yanzu komai sai sun sa masa turanci, ya ce rana ta yi, yana da aiki. Nuruddeen ya raka shi har titi, ya tsayar masa da napep, ya riga shi biya.

Bai je rumfa ba sai da ya biya gida. Ya ɗauki wata kwalbar zuma da ta ƙare, ya wanke, ya zuba yashi a ƙasanta. A rumfa ya yanki tsoka biyu ƙanana daga wuri ɗaya. Ɗaya ya kifa mata rariyar A'i ta tankaɗe, ya danne da dutse. Ɗayar ya bar ta a fili, ya ja kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, wato ya zauna yana kallon ƙuda. Wani kore ya sauka, ya zagaya, ya tsaya a wata tsaga, ya sauke bayansa ya daɗe. Da ya tashi, farin abin na nan. Shu'aibu ya kusanto da shi idonsa. Ba gari ba ne. 'Yan dogaye ne a jere, kowanne da siffarsa, kamar shinkafar da aka ƙanƙanta. Ya jefa tsokar cikin kwalba, ya ɗaure bakin da ƙyalle.

Ya so ƙwarai a ce Nuruddeen ƙarya ya yi. Da asuba bayan ya dawo masallaci ya ɗaga kwalbar a hasken ƙofa, sai ga tsokar tana motsi. Ta ƙarƙashin rariya kuwa ta yi wari, ta canja launi, amma har kwana uku babu tsutsa ko ɗaya.

Saura mako guda Iklima ta tafi. Akwai kafinta a Gabukka da ya riga ya san aikin murfin ragar, amma Shu'aibu ya gwammace ya je wurin wani a can Jekadafari, ya tsaya yana zana masa a ƙasa da tsinke kamar shi ya ƙirƙiro. Na farkon da aka yi ya fito a karkace, ƙuda na shiga ta ƙasa, sai da aka sake. Ya kori A'i da dariyarta, ya toshe sauran ramukan da tsumma. Ya jira ranar da gari ya waye babu hadari, ya karɓi nama wurin Hudu, wanda ya tambaye shi yau dama ko hagu, bai kula shi ba. Ya yi aikin daga yanka har gashi, bai bar naman a buɗe ba ko na ɗan lokacin da zai juya ya ɗauko faranti. Ya ƙara masa lokaci a kan garwashi har ya bushe sosai, ya bar shi ya huce a ƙarƙashin raga, ya naɗe, ya kai Madaki da kansa.

A kwana biyun da yake jira, kwalbar ce abin kallonsa. Tsutsotsin sun riga sun bar naman sun shige yashi. Ya tona da tsinke, ya ga sun zama 'yan ƙwayoyi masu tauri, ruwan ƙasa mai duhu. Ya daɗe yana juya ɗaya a tafin hannunsa. Shekara talatin yana share irinsu daga ƙarƙashin gadon shanya duk damina, shi da mahaifinsa suna zagin ɓeraye. Ya mayar da ita ya ɗaure ƙyallen. Kwana shida bayan haka A'i za ta kira shi ya ga ƙudaje kore shar suna yawo a jikin kwalbar, wasu fukafukansu ba su gama miƙewa ba.

Amma kafin nan Hajiya ta aiko. Ya same ta a kujerar nan dai, ƙunshin a kan cinyarta, Iklima na gefe tana jijjiga jariri. Hajiya ta kwance a gabansa, ta ɗaga yanki ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe kowane ninki, har da sa tabarau. Ta ɓalla ta kai baki, ta tauna a hankali. Ta ce alhamdulillahi, wannan labun Malam Khalifa ne, ba ta manta shi ba. Ta miƙa wa Iklima ta ce ta sa a akwati, ta ce masa kuma wata mai zuwa akwai na Bauchi da bai samu zuwa ba.

Shu'aibu ya yi godiya. Yana shirin miƙewa ta ɗaga masa hannu.

"Bari in faɗa maka gaskiya, don kada ka ji a wani wuri. Ban iya jira ba. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na aika Gabukka, na ce a yi min na Iklima, don kada ranar ta zo ba ni da komai a hannu."

Ya koma ya zauna.

"Yaron ya zo da kansa. Ya kawo min ɗan kaɗan na ɗanɗana, ya ƙi karɓar aikin. Ya ce gidan nan na Yayansa ne tun zamanin Baba, in yi haƙuri in jira ka, na wannan karon zai yi kyau. Na ce ya aka yi ya sani, ya ce ya san Yayansa."

Shu'aibu ya ce Allah ya yi masa albarka. Ya faɗa da gaske, ya kuma ji kamar ya haɗiyi garwashi. Alhamis, wato washegarin ranar da ya ce wa Nuruddeen yaran yanzu. Hajiya ta ci gaba da yabon tarbiyyar gidansu, shi kuwa abu ɗaya ke kai-kawo a bakinsa: ta ɗanɗana na Gabukka, ta ɗanɗana nasa, wanne ya fi? Ya dube ta, ya ga in ya tambaya za ta faɗa masa gaskiya. Sai ya yi mata sallama, ya yi wa Iklima fatan sauka lafiya, ya fita neman napep zuwa kwata, don Hudu ba ya ajiye wa kowa cinya bayan azahar.